Harafin da Ban Ji Ba a Bakin Aisatu

Azumin bana a tsakiyar zafi ya same mu. Tun ƙarfe tara na safe kwanon rumfar da nake aikin kafinta a unguwar Luggere yake fara ƙara kamar ana taka shi. Katako ya yi ɗumi a hannu, ƙusar da rana ta samu kuwa sai ka sa tsumma kafin ka ɗauke ta. Ajinmu na yaƙi da jahilci, da muke yi bayan la'asar, an mayar da shi safiyar Asabar da Lahadi saboda azumi. Duk magidanta ne, muna zama a bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu na dukan tebur.

Ranar Asabar da ta wuce malamarmu ta rubuta tilo da jam'i a allo. Gida, gidaje. Hanya, hanyoyi. Sai ta rubuta addini, addinai, ta ce mu kwafa. Na kwafa, sannan na tsaya ina kallon kalmomin biyu. Harafi ɗaya ne ya raba su, wani ƙaramin "a" da ya shiga kusa da ƙarshe. Na daɗe ina kallonsa har na kusa da ni ya zungure ni ya ce, "Sa'adu, yunwa ce tun yanzu?"

Ba yunwa ba ce. Wani azumi na tuna, fiye da shekara goma ke nan, wanda saura kaɗan harafin nan ya raba 'yata da jami'a.

Wancan azumin a farkon damina ya zo. A ƙarshen daminar da ta gabace shi ne mutanen arewacin jiha suka zubo Yola da Jimeta, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, bayan 'yan ta'adda sun shiga garuruwansu. Babu gidan da bai karɓi baƙi ba a layinmu. Gidana ɗaki uku ne, mu shida. Kafin wata ya ƙare mun kai goma sha tara. Yawancinsu dangin matata Dudu ne daga Mubi. Sai kuma wata dattijuwa, Mama Rifkatu daga Michika, mahaifiyar Bulus abokin aikina. Shi ɗaki ɗaya yake haya da mata da yara, sai na ce ya kawo ta wajen Dudu. Ta zo da zane ɗaya a jikinta, ƙafafu a kumbure, ko tabaraunta ba ta ɗauko ba.

Kafin azumi ya kama, masarar da na noma a Yolde Pate ta kusa ƙarewa a buhu. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka. Buɗa baki kunun tsamiya ne, kullum yana ƙara zama tsararo, da ƙosai biyu biyu. Famfo ya daina zuwa, mata suna fita da jarkoki tun da sanyin safiya su bi layi a rijiyar burtsatse, su dawo rana ta take. A ƙofar masallaci samarin unguwa suna laluba jikin kowa kafin ya shiga, ko da limamin ne. Ba a shiga tafsiri da jaka. Idan baƙo ya zauna kusa da kai a sahu, sai ka ji kana kallon rigarsa.

Ruwa kuma ya yi wasa da mu. An yi guda ɗaya mai kyau, muka ruga muka shuka, masara ta fito tsawon yatsa, sai sama ta bushe. Hadari ya haɗu da yamma ta wajen kogi, ya yi baƙi, ya watse. Zafin ba irin na bana ba ne mai ƙona fata. Wancan mai nauyi ne, gumi ba ya bushewa, riga tana manne da baya tun safe.

Mama Rifkatu ba ta azumi, amma ita ta fi kowa aiki a watan. Ita ke surfe, ita ke wanke wake. Da yake duk matan gidan bakinsu a rufe yake, ita ce mai ɗanɗana gishirin miya. Za ka ji Dudu tana kira, "Mama, zo ki ji mana!" Ta zo ta lasa ta ce, "Ƙara kaɗan, 'yata." Abincinta na rana kuwa a bayan madafa take ci, ta juya baya, don kada wani ya gani ransa ya biya. Ba wanda ya ce ta yi hakan.

'Yata ta fari, Aisatu, tana shekararta ta farko a jami'a. A ɗakin kwanan ɗalibai take zama, takan zo gida ranar Juma'a wani makon. Ita ce ta fara shiga jami'a a duk zuriyarmu. Ranar da aka ɗauke ta na tambaye ta me za ta karanta. Ta ba ni amsa, ni kuma abin da kunnena ya ɗauka shi ne nazarin addini. Na yi murna ƙwarai. Na faɗa a rumfa, na faɗa a masallaci, na faɗa wa mai shayi. Na samo ragowar katakon maɗaci mai kyau na kafa mata kanta mai hawa biyu a ɗakina, inda yara ba sa shiga. Hawan sama na ajiye Alƙur'anin da na gada wajen mahaifina. Hawan ƙasa ta jera littattafanta.

A lokacin ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Lambobin tef ɗin awo kawai na sani. Amma na san takarda kamar yadda na san katako. Cikin littattafanta akwai wani baƙi mai kauri, takardarsa siririya kamar ɓawon albasa, gefensa ja, da ɗan zare na sa alama. A sanina, littafi iri ɗaya ne ake yi wa irin wannan gata. Ana gobe azumi ina kakkaɓe kanta, na ga bai dace ya zauna cikin sauran ba. Na naɗe shi a koren ƙyalle na ɗora shi a hawan sama.

Ban tsaya nan ba. Maƙwabcina Malam Modu malamin allo ne daga Borno, ya riga sauran 'yan gudun hijira zuwa Jimeta da 'yan shekaru. An kashe abokan karatunsa biyu a can, ɗan ƙaninsa kuma ya bi mutanen daji, ba a sake jin labarinsa ba. Larabci yake karantawa kamar ruwa, amma a boko ni da shi ɗaya muke. Da ya shigo yi mini barka da shan ruwa, na sauko da littafin na ce, "Malam, ga irin abin da suke karantawa a jami'a." Ya goge tafinsa a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya jinjina kai.

"Ma sha Allah. Tafsiri ne da boko. Allah ya sa albarka a ciki, ya ba ta fahimtarsa."

Na ce amin da ƙarfi.

Ranar sha bakwai ga azumi, Alhamis, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar sai iska ta taso daga gabas da ƙarfinta, ta kwashi robobi da kayan shanya. Kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Manya da yara muka fito muka tsaya a tsakar gida, ruwa na dukanmu, masu azumi kowa ya damƙe bakinsa kada ɗigo ya shiga. Mata suka jera duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo. Muna cikin haka Dudu ta ce, "Malam, ɗakinka!" Iska ta ɗaga kwano ɗaya daidai saman kantar. Na kwashe littattafan a cikin rigata, amma ruwa ya riga ya taɓa su.

Da safe rana ta fito tas. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baje littattafan su sha iska. Alƙur'anin yana cikin gafakarsa ta fata, bai jiƙe ba, na bar shi a ɗaki. Baƙin littafin kuwa na kwance ƙyallen na buɗe shi a kan kujera. Daidai nan Malam Modu ya yi sallama, iska ta karya masa ƙofa yana so in duba. Mama Rifkatu tana shara a gefe. Ta zo kusa da kujerar, sai na ji tsintsiya ta faɗi.

"Wayyo Allahna! Littafi Mai Tsarki! Na wane ne wannan?" Ta ɗauke shi ta rungume a ƙirji. "Nawa a kan gado na bar shi, ban samu na ɗauka ba. Irinsa ne, har jan bakin."

Malam Modu ya dube ta, ya dube ni, sannan ya dubi tafin hannunsa.

"Sa'adu, wannan ne ka sa na yi wa addu'a?"

Ya ja ni zaure. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne.

"Ba na zargin ka, ba ka sani ba. Amma rashin sanin shi ne abin tsoro. Ɗan ƙanina ma karatu ya ce mana yana yi. Muka yi ta murna, muna sa masa albarka. Na ga inda karatun da iyaye ba su san kansa ba yake kai yaro. Wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, duk ɓata ne. Ka cire ta tun da sauran lokaci."

Bayan sallar Juma'a Aisatu ta sauka daga keke da 'yar jakarta. Jarrabawarsu za ta fara ranar Litinin, littafin nan ma ta zo ɗauka. Na bari ta gaisa da kowa, sannan na kira ta ɗaki, Dudu ta biyo ta. Na nuna mata shi.

"Mene ne wannan?"

"Littafin Kirista ne, Baba. Akwai darasin da muke yi da shi."

"Ba addini kika ce mini kina karantawa ba?"

"Addinai na ce, Baba."

"To, me na ce?"

"Kai addini ka ce. Ni addinai na ce. Shekara biyun farko duka ake koya mana, na Musulunci, da na Kirista, da na gargajiya. Daga baya kowa ya kama nasa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Addini nawa ne a gidan nan?"

Ta ɗan waiga wajen madafa, inda Mama Rifkatu ke daka. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yanzu dai biyu ne, Baba."

Dudu ta rufe baki da gefen mayafi ta fita. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Ba za ki koma ba sai na ce ki koma." Ta san idan ba ta zauna jarrabawar ba shekarar ta tafi, wataƙila ma gurbin gaba ɗaya. Ni ma na sani.

Ranar Asabar duk mai ƙarfi a gidan ya fita gona, domin ruwan ya jiƙa ƙasa kuma shukar farko rabinta ta mutu. Muka isa Yolde Pate rana ba ta yi zafi ba. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasar tana da laushi, tana manne wa ƙafa. Aisatu ce ta faɗo a layina. Muka shuke kunya uku. Maƙogwarona ya bushe, amma ba ƙishin ne ya fi damuna ba, maganar ce.

Na ce, ban juyo ba, "Idan kina karanta nasu, ba ya shiga ranki?"

"Baba, benci nawa kai da Baba Bulus kuka yi wa coci bara?"

"Wannan aiki ne."

"Ka zauna a kan kowanne ka jijjiga, ka ji ko yana rawa. Na gan ka. Ka tashi da wani abu?"

"Katako daban, littafi daban. Kada ki raina mini hankali."

"Gaskiya ne, daban ne." Ta jefa iri ta rufe. "Shi ya sa nake so ka riƙa tambayata. Ban ɓoye maka ba, Baba. Akwai wani a ajinmu, babansa fasto ne. Da ya ga fassarar Alƙur'ani a jakarsa, kwana biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Ni nake gyara masa sunayen surori, shi kuma yana nuna mini inda ake buɗe nasu."

"Me za ki yi da shi in kin gama?"

"Koyarwa. Yaran da za a ba ni a aji, wasu irin jikokin Mama Rifkatu ne. Ina so in san abin da ake faɗa musu a gida kafin in buɗe baki a gabansu."

Muka ci gaba har rana ta kai tsaka, muka dawo a jigace. Na lura da azahar ita ta fara ɗaukar buta.

Da yamma Dudu tana suyar ƙosai, na zauna kusa da ita ina gyara ƙotar fartanya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Ba littafin ne ya ƙona ka ba. Amin ɗin da ka ce a gaban Malam Modu ne."

Na ce ta kula da mai kada ya ƙone. Amma maganar ta zauna. Gaskiya ne, tun jiya duk lokacin da na rufe ido ba fuskar Aisatu nake gani ba. Kaina nake gani ina miƙa koren ƙyalle da fahariya.

Ranar Lahadi na ɗauki guduma da zarto na je gyaran ƙofar Malam Modu. Ya riƙe mini ita ina kafa fata, ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai. Da na kusa gamawa na ce, "Malam, in tambaye ka. Ɗan ƙaninka, a ina yake ajiye littattafansa?"

Ya gyara riƙon ƙofar. Can ya ce, "Ba mu taɓa ganinsu ba."

"Nata wata huɗu yana ɗakina, a kan katakon da na kafa da hannuna. Ita ta ajiye shi a fili. Ni ne ban iya karanta bayansa ba."

Ya gwada ƙofar, ta rufu daidai. Ya ce, "Ni dai na faɗa maka abin da na gani a rayuwata. 'Yarka ce, kai za a tambaya."

"Ni za a tambaya, Malam."

Bai yarda da ni ba, kuma bai ɓoye ba. Ya daɗe bai sake shiga ɗakina ba, ko da yake gaisuwa ba ta taɓa yankewa tsakaninmu ba.

Daga gidansa na wuce rumfa. Abin da ya rage mini shi ne inda littafin zai zauna. Ba zai koma hawan sama ba, wannan na sani. Ba zan kuma ajiye shi a ƙasa ba, bayan na ga yadda tsohuwar nan ta rungume shi. Na sami guntun katako, na goge shi, na yi masa ƙafa biyu. Kafin a sha ruwa na kafa shi a ɗaya bangon, daura da taga, inda kwano ba ya yoyo.

Litinin da sassafe Aisatu ta shigo gaishe ni. Ba ta yi shirin fita ba, zanen gida ne a jikinta, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa, sai ta ga sabon katakon, da littafin a kai. Ta dube shi, ta dube ni.

Na ce, "Ƙarfe nawa ne jarrabawar?"

"Tara, Baba."

"To me kike jira? Ɗauki ki tafi. Amma duk Juma'ar da kika zo, za ki zauna ki faɗa mini abin da aka koya muku, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki riƙa buɗe baki da kyau idan kina magana."

Daga bakin ƙofa Dudu ta ce, "Wasu kuma su riƙa buɗe kunne."

Aisatu ta fita da gudu, har ta manta takalmi ta dawo.

Ta cika alkawari. Shekara huɗu ina jin darasi ranar Juma'a, wani in gane, wani ya wuce ni. Bayan jarrabawar ta riƙa karanta wa Mama Rifkatu littafin ranar Lahadi, tunda ba tabarau. Da hanya ta buɗe tsohuwar za ta koma gida, Aisatu ta sa mata shi a cikin kaya. Masarar da muka sake shukawa ranar nan ta yi kyau, ita ta kai mu har wata shekarar.

Yanzu gidan ya koma mu biyar. Ba a laluba kowa a ƙofar masallaci. Ƙosai ya wuce biyu biyu, ko da yake wake ya yi tsada. Miyar Dudu kuwa tun farkon azumin nan wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu, domin ba mai ɗanɗana mata. Aisatu tana koyar da darasin addinin Musulunci a wata sakandare a Yola, tana da yara biyu. Tun a wancan lokacin take cewa in shiga aji, ina cewa sai aiki ya yi sauƙi. Bara na gane ba zai yi ba, na je na ba da sunana.

Katakon nan na biyu yana nan daura da taga. Littafin rubutuna da fensir nake ajiyewa a kai. Jiya Aisatu ta zo shan ruwa da yaranta, na sauko da shi na buɗe mata shafin ranar Asabar. Ta duba, ta sa yatsa a ƙarƙashin kalma ta biyu.

Na ce, "Sake faɗa mini abin da kika karanta a jami'a."

Ta ce, "Nazarin addinai, Baba."

A wannan karon na ji shi.